Bakan Kaka, da sabon da muke yi a madadinsa

Asabar, 9 ga Disamba, 2023

Yau aka kwashe kayan ɗakin Kaka, Allah ya jiƙansa, domin za a sake rufi. A can saman azara, bayan wani tsohon akwatin ƙarfe, na ci karo da bakansa da kwarinsa a naɗe cikin buhu. Tun ina yaro nake jin cewa ya yi farauta a dazukan da ke bakin gulbin Rima kafin ya koma fatauci, amma ban taɓa ganin bakan da idona ba sai yau.

Na ari awon tela na auna shi, tsawonsa santimita 142. Ya yi baƙi wuluk saboda hayaƙi da man da ya sha shekara da shekaru, wurin mariƙi kuma ya yi santsi har yana ɗaukar ido. Tsirkiyar fata ce murɗaɗɗiya, an naɗe ta a kan bakan na ƙasa, an zura ɗaya bakin ta wata huda da ke kan sama. Ina taɓa ta ta ruguje a hannuna kamar busasshen ganye. A cikin kwarin akwai kibau bakwai na kyauro, babu gashin tsuntsu a gindinsu, kawunan ƙarfe ne masu ƙaya. Inna na hango ni da su ta daka mini tsawa, ta ce kada in kuskura in taɓa kawunan, domin ta sha ganinsa yana shafa musu dafi. Na naɗe su cikin tsumma da leda na kulle a akwati.

Niyyata in ɗaura wa bakan nan sabuwar tsirkiya, in ga ya tanƙwaru kamar yadda yake a hannun mai shi. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, da abin da na auna, don kada in manta.

Juma'a, 15 ga Disamba

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da bakan a zaure. Na goge shi da tsumma, sannan na bi bayansa, wato gefen da ba ya kallon tsirkiya, da auduga a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Hikimar audugar ita ce duk inda itace ya ɗago ko ya tsage, zarenta zai maƙale, ko da ido bai gani ba. Ta maƙale a wuri biyu. Na farko tsaga ce siririya da ta taso daga hudar nan ta sama ta gangaro kamar tsawon ɗan yatsa. Na biyu kusa da mariƙi. Da na ƙwanƙwasa wurin da farce sai wani gari mai laushi ya zubo daga ƙananan ramuka guda huɗu. Ƙwaro ya shiga ciki.

Ɗan yayata, mai shekara goma sha huɗu, ya matsa mini da cewa mu ɗan lanƙwasa shi a gwiwa mu gani. Ni ma zuciyata ta so hakan. Na hana, na mayar da shi cikin buhu.

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Wani abokin aikina ya haɗa ni da tsohon maharbi a ƙauyensu, ta hanyar Kware. Na tashi da sassafe cikin hazo, bakan a ɗaure a bayan babur. Na tarar da tsohon yana shan hantsi a ƙofar gida, ya lulluɓe da bargo. Bayan mun gaisa na ba shi goron da na riƙo, sai ya ce, “Mi kaka nema da wanga aiki, yaro?” Na ce, “Baba, na Kakana ne, so nake in ga ya sake ɗaukar tsirkiya.”

Ya karɓa, ya juya shi, ya sunsuna, ya kai kunne ya ƙwanƙwasa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, “Wanga baka ya gama aikinai. In kat tanƙwara shi karyewa za ya yi, kuma ba ƙasa za ya nuha ba, huskarka za ya nema.”

Maganar ta yi mini nauyi, ban ɓoye masa ba. Na ce ko za a iya naɗe wurin tsagar da fata a danne ta. Ya ce ana yi wa bakan da ke aiki haka idan tsagar ƙarama ce, amma wanda ya yi shekara arba'in ko fiye a rataye, ga ƙwaro a cikinsa, ga hunturu ya tsotse ɗan danshin da ya rage, babu fatar da za ta riƙe shi. Ya yi mini bayanin da ban taɓa tunani a kai ba: idan aka ja baka, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma matsewa. Itacen da ya bushe fiye da kima yana jure matsi, amma ba ya jure miƙa, shi ya sa tsohon baka daga baya yake fashewa, kuma a lokaci ɗaya, ba ya ba mutum sanarwa.

Na ba shi labarin kibau. Ya ce Inna ta yi gaskiya, dafin kwankwani zuciya yake kamawa, kuma kada in yarda da cewa ya tsufa ya daina aiki. Ya ce ko tsatsar kan kaɗai ta isa ta kai mutum asibiti.

Da zan tafi ya shiga ɗaki ya fito da sandar dargaza, miƙaƙƙiya, wadda ya sara tun ranin bara ya ajiye a inuwa. Ya ce yanzu daji ba ya shiguwa kamar da, ita kenan ta rage masa. “Ka aje na Kakanka gabanka, ka sassaƙa wagga awa shi. Amma kak ka yi mata huda.” Na tambayi dalili, ya nuna mini tsagar da yatsa. Daga hudar ta fara.

Asabar, 27 ga Janairu

Mako uku ke nan ina kankara, bayan la'asar kullum. Da wuƙa da fasasshen gilashi nake yi. Daga ciki kawai nake rage itace. Bayan kuwa ɓawo kaɗai na cire, ban taɓa jijiyarsa ba, kamar yadda Baba, tsohon maharbin nan, ya jaddada. Kaurin mariƙi ya zo daidai da na Kaka. A kan sama na yi ’yar kafaɗa inda hancin tsirkiya, wato madaukin da ke bakinta, zai zauna. Na shafa man kaɗanya sau biyu, itacen ya shanye nan take.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Tsirkiya. Na samo ɗanyar fatar sa busasshiya a wurin majema, ba jemammiya ba, domin jemammiya tana yin laushi ta yi ta miƙewa. Wani baduku ya yanka mini ita zagaye-zagaye daga gefe zuwa tsakiya, har aka sami tsiri ɗaya dogo, faɗinsa bai kai ƙaramin yatsa ba. Na jiƙa shi kwana ɗaya, na murɗa shi yana ɗanye, na rataye a reshen dogon yaro da bulo ɗaya a ƙasa yana jansa. Kwana biyu ya bushe ƙarau, iskar nan ba ta barin komai da danshi.

Na farko da na yi ya lalace, domin akwai inda wuƙar baduku ta ɗan shiga ta rage faɗin, wurin ya zama siriri kamar zare. Na yar da shi. Tsirkiya ƙarfinta bai wuce na wurin da ya fi rauni a jikinta ba, kuma idan ta tsinke baka yana jaye, duk ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya cikin itacen zai koma. Na biyu ya fito sumul daga farko har ƙarshe.

Kafin a ɗaura ta gaske, sai an koya wa itacen lanƙwasa. Na ɗaura igiya mai sako-sako a kawunan biyu, na rataye bakan a turke ta mariƙi, ina jan igiyar ƙasa kaɗan-kaɗan, sau ashirin ko talatin, sannan in ja da baya in kalle shi daga nesa. Reshen ƙasa, wato rabin bakan daga mariƙi zuwa ƙasa, ya fi taurin kai. Na ƙara kankare cikinsa.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Yau na ji ciwo, kuma dole in rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla.

Baba ya nuna mini yadda suke ɗaurawa: a kafa kan ƙasa a cikin rairayi, a ɗora gwiwa a cikin mariƙi, a jawo kan sama da hannu ɗaya, a tura hancin tsirkiya da ɗayan. A hannunsa abin bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da ban lura da shi ba a ranar shi ne ya fara tona ɗan rami da dugadugansa kafin ya kafa bakan. Ni kuwa a tsakar gida na gwada, a kan siminti. Ina danna gwiwa, kan ƙasa ya zame. Da na ga haka sai na juya bakan na gwada wata hanya da na gani a intanet, inda ake tokare kan ƙasa da tafin ƙafa, a jawo mariƙi, a tura reshen sama gaba da tafin hannu. Hannuna yana da ragowar man kaɗanya. Saura kaɗan hancin ya hau kafaɗar, tafina ya sulɓe, kan bakan ya dawo ya doke ni a ƙashin kunci, ƙasa da idon hagu da faɗin yatsa biyu.

Wurin ya fashe ya kumbura. Na je wani ƙaramin asibiti a shiyarmu aka wanke aka rufe, ba a yi ɗinki ba. Ɗan yayata yana tsaye a gefena lokacin da abin ya faru, tsawonsa kuma daidai inda kan bakan ya bi. Wannan ne ya hana ni barci, ba zafin kuncin ba.

Lahadi, 3 ga Maris

Na yi mako guda ban taɓa bakan ba, ina ta juya abin a raina. Abin da na gane mai sauƙi ne, kuma ya kamata a ce da shi na fara. Lanƙwasasshen baka idan ya kuɓuce, wuri ɗaya kansa yake nufa: wajen bayansa, inda ya fito. A hanyar da ta ji mini ciwo, bayan bakan ni yake kallo, kan sama kuma yana daidai fuskata. Ke nan ni da kaina na kai idona kan hanyarsa. Hanyar Baba ta fi ta ta wannan fuska, domin cikin bakan ke kallon mutum, in ya kuɓuce gaba zai tafi. Aibinta shi ne reshen ƙasa yakan ɗauki nauyi fiye da na sama idan gwiwa ba ta zauna a tsakiya ba, kuma ba ta yiwuwa sai a ƙasa mai riƙo. Wanda ya yi shekara hamsin yana yi jikinsa ya san tsakiyar. Ni jikina bai sani ba tukuna.

Don haka na yi abin ɗaurawa irin wanda masu harbin wasa ke amfani da shi a wasu ƙasashe. Igiya ce mai ƙarfi, ta ɗan fi bakan tsawo. Badukun nan ya ɗinka mini aljihun fata mai kauri a baki ɗaya, wanda kan ƙasa ke shiga ya zauna daram, a ɗaya bakin kuma faffaɗan madauki da ke kwanciya a bayan reshen sama, ƙasa da hancin tsirkiya kaɗan. Sai a riƙe baka a kwance, bayansa sama, igiya na reto a ƙasa. A taka igiyar da ƙafa biyu a ware, da takalmi, a jawo mariƙi sama. Rassan biyu sai su lanƙwasa tare, daidai wa daida, hannu ɗaya kuma ya tura hancin har ya hau kafaɗarsa. A nan ma bayan bakan sama yake kallo, don haka fuska tana bisa mariƙi ne, ba a leƙa kan baka don a ga ko ya zauna. Da yatsa ake dubawa, hannu a miƙe, kai a kauce. Sai an sassauta a hankali, an juya bakan cikinsa na kallon mutum, sannan a duba da ido.

Na kafa wa gidan nan doka uku, na faɗa wa yara a gaban Inna: ba a ɗaura tsirkiya da mai a hannu, ba wanda zai tsaya kusa da kawunan baka, kuma ba a jan tsirkiya a saki babu kibiya.

Na ɗaura a ƙasa-ƙasa, tazarar tsirkiya da mariƙi santimita 5 kacal. Na bar shi rabin awa na kwance. Azumi ya gabato, zan ajiye aikin sai bayan salla.

Asabar, 20 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, da rana ma'auni yana haura 40. Na sauko da bakan daga inda na rataye shi a ƙarƙashin kwano, domin wurin kamar tanda yake, na mayar da shi ɗakin ƙasa na Inna, a kwance bisa ƙusoshi biyu. Ba a jingine baka a tsaye na dogon lokaci, reshen ƙasa ke ɗaukar lanƙwasa.

Cikin kwana goma na riƙa ɗaga tazarar sannu a hankali: 5, sannan 8, sannan 10. Ba sai an kwance naɗin ƙasa ba. Idan aka cire hancin aka ƙara wa tsirkiya murɗi biyar ko shida, sai ta gajarta. Yau da asuba, kafin rana ta yi, na kai ta 13. Awon da aka saba shi ne dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, a ɗora bisa mariƙi, yatsan ya taɓa tsirkiya, amma wannan bakan gajere ne, nawa yatsan yana ɗan wuce ta, kuma na ga gara in bar shi haka. Na duba daga kai zuwa kai, tsirkiya ta bi tsakiyar mariƙi, babu murɗewa.

Na ɗauko na Kaka na kwantar da shi kusa da sabon. Na daɗe a tsugune ina kallonsu. Mu ’yan Sakkwato mun taso muna jin labarin Tafkin Kwatto, inda a watan Yuni na 1804 jama'ar Shehu, mafi yawansu ’yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ƙalilan, suka karya dawakin Gobir na Sarki Yunfa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana jagora. Shekara casa'in da tara bayan haka, ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya, da kwari da baka da masu da takubba mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka tari bindigogin Turawa. Ana ba mu labarin jarumtarsu, amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa kowane ɗaya daga cikin mutanen nan sai da ya san yadda ake murɗa fata, da yadda ake lallashin itace har ya yarda ya lanƙwasa. Wannan sanin yanzu yana hannun tsofaffi irin Baba, kuma ya ce mini cikin jikokinsa babu mai tambayarsa.

Asabar, 18 ga Mayu

Na kai wa Baba bakan. Ya ɗaura shi da gwiwa yadda ya saba, ya ja, ya saurara. Ya ce reshen ƙasa har yanzu ya ɗan fi ƙarfi, amma hakan ba laifi ba ne. Da na nuna masa igiyata ya yi shiru yana kallon yadda nake takawa, sannan ya ce, “In ta tsare maka ido, riƙe ta.”

Mun yi harbi a bayan gari, buhun ƙaiƙayi ne abin bara, taku goma sha biyar. Kibau na kyauro ne da na yi, kawunansu dunƙulallu marasa tsini. Cikin goma, uku suka sami buhun. Tsirkiya ta doke ni a damtse sau biyu, sai na ɗinka abin kariya na fata. Da sikelin rataye na masu hatsi muka auna: a jan santimita 55 ya nuna kilo 17. Baba ya hana ni wuce nan, ya ce gajeren baka ba a jansa har kunne.

Da za mu dawo ta cikin kasuwar ƙauyen, sai ya karɓi kibaun ya damƙe kawunansu cikin tafinsa, alhali ba su da tsini. Na tuna hadisin Abu Musa da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa da ya riƙe kawunansu don kada ya ji wa wani ciwo. Ban tambaye shi ko daga nan ya samo ba. Hannunsa ne kawai ya yi.

Asabar, 22 ga Yuni

Ruwa ya sauka, komai ya canza. Tsirkiyar da ke ƙara kamar ta gurmi a watan jiya yanzu ta yi laɓo-laɓo, tazara ta faɗo daga 13 zuwa 9. Fata ta sha danshi ta miƙe. Na ƙara murɗi na mayar da ita 13, sai aka kira ni waje, na manta bakan a ɗaure har washegari. Ranar aka yi rana mai ƙarfi da iska. Da na dawo na auna, 16. Fatar ta bushe ta tsuke, ta ja itacen da kanta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na kwance shi da igiya, hannuna na rawa. Na bi bayansa da auduga sau uku, ba ta maƙale ko'ina ba, alhamdu lillahi. Amma bai koma miƙe sarai ba, ya riƙe lanƙwasar kamar yatsa biyu.

Daga yau duk ranar da aka ɗaura, a ranar ake kwancewa, kuma sai na auna tazara kafin kowane harbi.

Asabar, 6 ga Yuli

Na narkar da kakin zuma da ɗan man kaɗanya na shafe tsirkiyar, in ga ko za ta rage shan danshi. Kwana huɗu ke nan, tazara tana tsakanin 12 da 13. Na kuma jiƙa sabon tsiri daga fatar da muka samu lokacin layya, don a sami ta biyu, sai dai a wannan yanayi za ta daɗe kafin ta bushe.

Ɗan yayata ya ɗaura bakan da kansa yau karo na farko, da igiya, ina tsaye a bayansa. Ƙarfinsa bai kai ya tura hancin a jan farko ba, ya sassauta a hankali ya huta, ya sake. A na uku ya hau. Ya duba da yatsa, kansa a kauce, ban ce masa komai ba.

Bakan Kaka na kai wa kafinta ya yi masa akwati dogo mai gilashi, bayan na ɗura maganin ƙwaro a ramukan nan huɗu na toshe da kaki. Zan sa masa tsirkiyar da ke kan sabon bakan yanzu idan sabuwar ta bushe, a sako-sako, yadda ba za ta ja shi ba. Kibau bakwai kuma suna nan a kulle. Baba ya ce in kai masa su bayan an yi noman biyu, ya san yadda ake ƙone kawunan.